Liyafa Muka Zo Koyo, Ko Aiki?

'Yan'uwa ɗalibai, an gama Makon Ƙungiya. An kwashe kujerun haya, mai kiɗa ya naɗe wayoyinsa ya karɓi ladansa ya yi gaba. Yanzu da ƙura ta lafa, ya kamata mu zauna mu yi wa kanmu hisabi, mu da muke karatun digiri na biyu a fannin nazarin halayyar yara da ba da shawara a makarantu. Kwana bakwai muka yi muna shagali. Mun sa riguna iri ɗaya masu tambarin ƙungiya, mun buga kalanda ɗauke da hotunan shugabanninmu kowa ya sha babbar riga, mun kara da ɗaliban wani sashe a filin ƙwallo, kana muka rufe da liyafar dare a otal, inda aka miƙa lambar yabo ga wani attajiri wai saboda hidimarsa ga ilmi, alhali kuwa kowa a zauren ya san ambulan ɗinsa ake hange. A cikin kwanakin nan bakwai ba a ware ko sa'a guda ba don maganar yaro ɗan makaranta, wanda saboda shi aka buɗe sashenmu, kuma da sunansa za mu ci abinci har mu yi ritaya.

Bari mu tuna wa kanmu asalin sana'ar da muke da'awa. A 1896 wata malamar makaranta a birnin Filadelfiya na Amurka ta kai wa Lightner Witmer, malami a jami'ar da ke garin, ƙarar wani ɗalibinta ɗan shekara 14 wanda ya kasa harhaɗa baƙaƙe yadda tsararrakinsa ke yi. Witmer ya zauna da yaron ya yi ta bincike, har ya gano cewa akwai matsalar ido a cikin lamarin, kuma daga wannan zama ne aka buɗe ɗakin farko na duba yara masu irin wannan larura. Watau tun ran gini sana'ar nan ta mutum uku ce: malamin da ya rasa yadda zai yi, da yaron da ake yi wa kallon daƙiƙi, da masanin da ya yarda ya zauna ya duba. Har yau can Amurka ƙungiyar masu wannan sana'a, wadda aka kafa a 1969, ba ta amincewa da horon da ya gaza shekara uku, kuma tilas ɗalibi ya yi sa'o'i 1,200 yana koyon aiki a ƙarƙashin ƙwararre, aƙalla 600 daga ciki a cikin makaranta. Suna neman a samu masani ɗaya ga kowane yara 500, ko da yake a 2023 kowane ɗayansu yana riƙe da fiye da 1,000. Ba mu kawo wannan don mu rusuna wa Turawa ba, su ma da warin daddawarsu, za mu zo kansa. Mun kawo shi ne don kowa ya ɗauki alƙalami ya lissafa nasa sa'o'in, tsakaninsa da Allah.

A gida kuwa, takarda ba ta yi mana ƙaranci ba. Tun 1959 wasu mata masu hidimar coci suka fara shirya wa 'yan matan wata sakandare a Ibadan shawara kan zaɓen sana'a. A 1976 aka kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce za a horar da irinmu a tura makarantu, kuma da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, a wuyanmu aka rataya aikin taimaka wa yaro ya san inda zai dosa bayan ƙaramar sakandare. A 2022 aka sa hannu kan dokar kafa majalisar da za ta riƙa yi wa masu sana'ar rajista. Madalla. To, amma me ake yi da mu a zangon da ake kira na sanin makamar aiki?

Kowa ya sani, sai dai ba a faɗa. Ana ba mu wasiƙa mu kai wa shugaban wata makaranta. Shi kuwa bawan Allah, yana da aji biyar babu malami, yana ganinmu sai ya yi hamdala ya miƙa mana alli, ya ce mu riƙe Turanci ko Lissafi. Ɗakin da aka rubuta wa sunan ofishin ba da shawara, in ma akwai shi, ya zama sito, karyayyun kujeru da tsofaffin takardun jarrabawa sun cika shi har rufi. Malamin da sashe ya naɗa ya duba aikinmu zai leƙo sau ɗaya, ko ya aiko a kai masa littafin rahoto ofis, domin shi ma ba a biya shi kuɗin mota ba. Littafin rahoton kuwa, ranar wanka ba a ɓoye cibi, da yawanmu a ɗakin kwana muke cika shi daren da za a miƙa. Mu ƙago yaro, mu ƙago masa matsala, mu warkar da shi a shafi biyu. Sa'an nan mu koma kan kundin digiri, mu raba takardun tambayoyi ga ɗaliban da ba mu san sunan ko ɗayansu ba, mu ba mai kwamfuta ya fitar mana da alƙaluma, a ɗaure kundin da bango mai kauri a ajiye wa gara.

Wata daga cikinmu ta ƙi bin wannan hanya, kuma abin da ta gani shi ya sa muka ɗauki alƙalami. An tura ta wata firamare a bayan gari, aji ɗaya yara sun fi ɗari, akasarinsu a ƙasa. Can ƙurya akwai wani yaro da ya maimaita aji, wanda malamai da 'yan ajinsu suka manta sunansa na yanka, sai dai Daƙiƙi. Kullum yana shan bulala don ba ya amsa tambaya. A mako na biyar ta lura cewa in ana magana yakan karkata kai gefe guda, ya zuba wa bakin mai maganar ido. Ta kira shi inuwar darbejiya, ta duba, ashe kunnensa ɗaya ya daɗe yana zubar da ruwa, ɗayan ma ba ya ji sosai. Ta roƙi malamin ajin ya dawo da shi gaba, ta bi shi har gida ta shawo kan mahaifinsa ya kai shi asibiti. Sai zango ya ƙare, aka ce ta dawo a rubuta jarrabawa. Ba wanda ta damƙa wa yaron, ba wani zama da aka yi a sashe don a saurari abin da ta gano, kuma makin da aka ba ta daidai yake da na waɗanda suka ƙago nasu yaran a kan katifa. Har yanzu ba ta san yadda ya ƙare ba. Kaico! Da sa'a ta gano shi, ba da horon da muka ba ta ba, kuma babu aji a ƙasar nan da ba shi da irin wannan yaro a ƙuryarsa.

Daɗin daɗawa, ga maganar harshe, wadda ita ce ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. Gwaje-gwajen basira da muke haddace sunayensu don jarrabawa, da Turanci aka tsara su, a kan yaran wata ƙasa aka auna su. A nan ne warin daddawar Amurka yake. A 1970 iyayen wasu yara tara 'yan asalin Meziko a jihar Kalifoniya sun kai hukumar ilmi ƙara, domin an gwada 'ya'yansu da Turanci alhali Sifaniyanci suke ji a gida, aka yanke cewa masu raunin ƙwaƙwalwa ne, aka ware su a aji na musamman. Da aka sake gwajin da harshen da suke ji, yawancinsu suka haye. Tilas hukuma ta yarda a riƙa gwada yaro da harshen gidansu. Shekara fiye da 50 ke nan da wannan shari'a, amma mu ana shirya mu mu je mu maimaita zaluncin a kan ɗan talakan da ke tunani da Hausa, yake mafarki da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, mu buga masa hatimin daƙiƙanci da sunan kimiyya.

Kuma ko gwaji a ajiye shi gefe, da wane baki za mu yi magana? Hausa tana da ƙunci, da zullumi, da fargaba, da firgici, da razana, da baƙin ciki, kowace da inda take zama, amma ba mu taɓa haɗuwa mun daidaita wacce ce ta dace da wane ciwo a cikin littattafanmu ba. In 'yan mata suka fara faɗuwa suna ihu a makarantar kwana, iyaye suka ce iskoki ne, ɗan boko sai ya taɓe baki ya juya da Turanci, uwa kuwa ta ɗauki 'yarta ta tafi inda za a saurare ta. A Disamba 2020 an sace yara fiye da 300 a Ƙanƙara. A Maris 2021 'yan mata 279 aka sako bayan an kwashe su a Jangebe, a Maris 2024 kuma yara 137 suka dawo daga hannun 'yan bindiga bayan harin Kuriga. Yaran nan da dubban irinsu da aka kora daga ƙauyukansu suna komawa aji da abin da suka gani a daji. A cikinmu, mu masu riguna iri ɗaya, wane ne zai iya zama da yarinya guda daga cikinsu na rabin sa'a, da Hausa, ba tare da ya fama mata gyambo ba?

Mun san abin da za a ce. Za a ce horo aikin sashe ne, ƙungiya ta zumunci ce. Za a ce babu kuɗi. Za a ce ɗalibin da ya sha yajin aikin wata takwas a 2022 ya cancanci ya ɗan sarara. Ba mu musa na ƙarshen ba, mu ma mun ci kazar, mun kuma yi rawa. Amma maganar babu kuɗi ba ta taso ba daga bakin waɗanda suka kama zauren otal. Kuɗin kalanda kaɗai ya isa a ɗauko tsohuwar malamar ba da shawara da ta yi shekara talatin a makarantun gwamnati, a biya mata mota, ta zo ta koya mana abin da babu shi a littafi. Batun cewa aikin sashe ne kuwa, gaskiya ne, kuma za mu ci gaba da buga ƙofar shugaban sashe har a tsawaita zangon koyon aiki, a kuma biya malamai kuɗin zuwa dubawa. Sai dai in bera da sata, mun riga mun faɗi namu warin. Wane sashe ne zai ɗauki kukanmu da muhimmanci alhali yana ganin inda muke zuba kuɗinmu da ƙarfinmu?

Ku kuma yayyenmu da kuka riga mu fita, kuna zaune a ma'aikatun ilmi da hukumomin makarantu, ba ku tsira ba. Da hannunku ake rubuta takardar tura ma'aikata. Ku ne kuke aika mai digiri a wannan fanni wata makaranta a matsayin malamin aji kawai, ba ofis, ba sa'a guda a jadawali da yaro zai same shi. Kun san zafin abin domin an yi muku. Layi ɗaya a cikin takardar da kuke kai wa babban sakatare ya isa ya buɗe wancan sito.

Abin da muke nema daga ƙungiya bai fi ƙarfinta ba. Ta ɗauki makarantu biyu ko uku na unguwannin da ke kewaye da jami'a ta riƙe su shekara da shekaru, yadda in rukuni ya gama zai miƙa wa na bayansa yaran da ya fara dubawa, da bayanansu a kulle, da izinin iyayensu. A riƙa zama duk mako biyu, wanda ya ga yaro ya kawo labarinsa ba tare da suna ba, a tattauna a gaban malami ƙwararre, domin ɗan koyo da ba a sa masa ido ba ɓarnarsa ta fi gyaransa yawa. A nemi 'yan'uwanmu na sashen harsunan Nijeriya a zauna da su a fara tattara kalmomin sana'ar da Hausa, ko shafi ashirin ne a buga a raba, sa'an nan a koya mana gwajin ji da gani na farko, wanda ba ya bukatar wata na'ura mai tsada. Liyafa kuwa, wanda yake so ya sayi tikiti da aljihunsa.

Za mu gabatar da wannan a matsayin ƙuduri a babban taron ƙungiya mai zuwa, kafin a shiga zaɓe, kuma duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'armu sai ya faɗi matsayinsa a kai a gaban jama'a. Muna kuma roƙon ma'aji ya zo da rasit na Makon Ƙungiya gaba ɗaya, har da na otal, a karanta a zaure.