Kada Mu Bari Dara Ta Ci Gida

Jama'a, a zaman ƙungiyarmu na ƙarshen zangon da ya wuce na tashi na ba da shawara mu keɓe rana guda mu tattauna wasannin kwamfuta, kamar yadda mukan tattauna waƙa da zube da wasan kwaikwayo. Ban rufe baki ba aka bushe da dariya. Wani ɗan'uwa, wanda nake ganin girmansa ƙwarai, ya ce wannan shirme ne na 'ya'yan masu kuɗi, ba ruwan nazarin Hausa da shi. Ran nan lokaci ya ƙure ban sami damar ba shi amsa ba, saboda haka ga ta a rubuce.

Wasan da ya jawo maganar sunansa Shadow Gambit. Wani ƙaramin kamfani ne mai suna Mimimi, a birnin Munich na ƙasar Jamus, ya fitar da shi ran 17 ga Agusta, 2023. Labarin waɗansu 'yan fashin teku ne da suka mutu suka dawo fatalwa, suna yawo cikin wani jirgin ruwa mai magana. Tauraruwar labarin sunanta Afia, sunan da mutanen Akan na Gana kan sa wa macen da aka haifa ran Juma'a, watau Jummai ke nan a wurinmu. Mayaƙan su takwas ne, kowa da baiwarsa: wani yakan shiga jikin abokin gaba ya yi ta yawo da shi, wata takan tsirar da duhuwa nan take don a ɓuya, wata kuma igwa take ɗauke da ita wadda ake ɗura mutum ciki a harba. Galibi uku za ka zaɓa ka sauka tsibiri da su. Ƙarfi ba ya fisshe ka, domin masu gadi sun fi ku yawa nesa ba kusa ba, kuma ana nuna maka iyakar inda idon kowannensu yake kaiwa. Tilas ka tsaya ka lissafa wa ke kallon wa, ka shirya wa mutanenka abin da kowa zai yi, sa'an nan ka sake su gaba ɗaya.

Da na je hutu gida Birniwa, wata rana da la'asar ina fama da wani tsibiri a ƙofar gida, sai kawuna ya dawo daga gindin darbejiya inda suke dara. Ya tsaya a kaina ya yi shiru yana kallo. Can sai ya ce, "Ɗana, ba ka ga wancan yana tsaron bayan wannan ba? Cire na baya tukuna." Na bi maganarsa, na kuwa wuce wurin da na kwana biyu ina faɗuwa. Ya yi dariya ya ce, "Ashe dara ce aka sa wa wuta."

Dattijon nan bai taɓa riƙe kwamfuta ba, amma cikin minti biyar ya gane abin da masu digiri suka kasa ganewa a zauren taronmu. Wanda ya saba da gurbi 30 a ƙasa, da 'ya'ya 12 a hannu, yana neman ya jera uku ya ci na abokin karawarsa, ya riga ya san haƙuri da tarko da hangen abin da zai biyo baya. In dara al'ada ce da ta cancanci a rubuta kundi a kanta, da wace hujja za a ce ƙanwarta shirme ce?

Na biyu, wasan nan labari ne, da taurari da zance da jigo. Nan ne ma ni kaina nake da ƙorafi a kansa. Masu shi sun iya ba da labari har sun sa na riƙa yi wa 'yan fashi fatan nasara. Alhali kuwa 'yan fashin teku na gaskiya ba abin so ba ne. Edward Teach, wanda Turawa ke yi wa laƙabi da Baƙin Gemu, aka kashe shi a 1718, babban jirginsa na dakon bayi ne na Faransawa da ya ƙwace a 1717. Mu kuwa da muke ji muna gani abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Zamfara da Katsina, ba ma bukatar a gaya mana mene ne fashi. Ɗan'uwana zai ce, to ka gani, ai shi ya sa ya kamata a guje shi. Ni kuwa na ce shi ya sa ya kamata a yi nazarinsa. Ƙannenmu suna wasannin da suka fi wannan muni a wayoyinsu, ko mun yarda ko ba mu yarda ba. Wa zai nuna musu yadda mai labari yake wanke ɓarawo ya mai da shi jarumi, in ba mu da aka koya wa fiɗar jigo da salo ba?

Ku tuna fa, ba yau muka fara wannan raini ba. A 1933, da Rupert East ya zaga yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai, sai da ya sha wahalar shawo kansu, domin a ganinsu wannan ba aikin mai ilmi ba ne. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, waɗanda yau muke haddacewa don jarrabawa. Littattafan soyayya na Kano sun sha zagi, yau ana samun digiri da su. Turmin Danya ya fito a 1990, aka ce wasan yara ne, yau fim ɗin Hausa darasi ne a jami'o'i. Kullum sai mun raina abu shekara ashirin, sa'an nan mu bi shi da gudu riƙe da alƙalami. Yaushe za mu riga shi isa?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, Jamusawa sun je har tsibiran Karibiyan neman labari, mu kuwa namu yana zube a ƙofar gida. Ga Sarkin Haɗejiya Buhari, wanda ya yi wa Sakkwato tawaye, ya karya rundunar da aka haɗo masa a Kaffur a 1853, ya rasu wajen yaƙi da Badawa a Gogaram a 1863. Ba waliyyi ba ne, ya kai hare-hare ya kama bayi, kuma wasan da ɗan ƙasa zai tsara shi ne zai iya nuna dabararsa ba tare da ɓoye ɓarnarsa ba. Ga ranar 25 ga Afrilu, 1906, da Sarki Muhammadu ya tsaya wa Turawa a cikin birnin Haɗejiya har ya yi shahada. In kuma ba a son yaƙi, ga fadamunmu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan kogin Haɗejiya ta canja, kacala ta toshe hanyoyinsa, wani ƙauye na ambaliya wani na ƙishirwa. A ba yaro wasan da zai raba ruwan nan tsakanin manomin shinkafa da masunci da makiyayi, a ga in bai fi fahimtar ƙasarsa ba.

Na san za a ce ina kuɗin? Gaskiya ne, abin da wuya. Masu sharhi sun yabi Shadow Gambit ƙwarai, amma kwana 12 bayan fitowarsa kamfanin ya ba da sanarwar zai rufe, bayan shekara 15 yana aiki, saboda tsadar aikin da gajiyar da ta ci masu shi da iyalansu. Ban ce gobe mu kafa kamfani ba. Rabonmu na aikin ba ya bukatar miliyoyi. Mu je gindin bishiya mu rubuta dokokin dara da kalmominta daga bakin tsofaffi tun suna raye. Mu ƙirƙiro wa wasannin nan kalmomin Hausa kafin bakin yara ya saba da na aro. Mu rubuta labari da zance, mu ƙetara zuwa sashen kimiyyar kwamfuta mu ce ga namu, ku kawo naku.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan batu cikin jerin muhawarorin zango mai zuwa, ɗan'uwana ya zo da hujjojinsa in zo da nawa. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. In muka ci gaba da dariya, jikokinmu za su san sunan kowane ɗan fashi na Karibiyan, a tambaye su Kaffur su ce a wace ƙasa take.

Allah ya sa mu farga. Wassalam.