Doki A Turke Ma Yana Cin Dawa

'Yan'uwa ɗalibai, mu da ke raba dare a ɗakunan kwana muna buga Stellaris muna da ƙorafi a kan kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin, kuma yau sai mun faɗe shi.

Tun da wasan nan ya fito a 2016, duk wanda ya gina rundunar jiragen yaƙi ta sararin samaniya ya san ya ɗauko wa kansa kaya. Kowane wata sai ya biya kuɗin ɗawainiyarsu da makamashi, daga 2018 kuwa har da gamin ƙarfe. Ana yaƙi, ya biya. An yi sulhu, ya biya. Sassaucin da muke samu ga jiragen da ke zaune shi ne mu gina masaukin matuƙa a tasha, a rage mana kashi 25 cikin ɗari muddin jiragen na ɗaure a can. Babu hanyar jingine jirgi, a sallami ma'aikatansa, a rufe shi har ranar buƙata.

To, me wannan ke haifarwa? Doki a turke yana cin dawa, mai shi kuwa ba ya son asara. Mai runduna ya duba taskarsa tana zurarewa, sai ya waiwayi maƙwabcinsa mai rauni ya ce bari dai jiragen nan su biya kuɗin abincinsu. Mun sha kai hari ba don muna da wata husuma ba, sai don zaman lafiya ya yi mana tsada. Wasan da ke taƙama da diflomasiyya da tarayyar daula, a ce lissafinsa ne ke ingiza mutum ga yaƙi? Haba!

Kada su ce abin ya gagare su. Su ɗin ne suka sa jingine jiragen ruwa a Europa Universalis IV tun 2014: kuɗi ya ragu, ƙarfin jirgi kuma ya riƙa zubewa wata bayan wata. A Starsector ma jirgin da aka jingine ba ya cin kayan gyara, ba ya neman ma'aikata, amma shirinsa na yaƙi ya koma sifiri, kuma in za a ja shi sai an sha mai.

Sai dai akwai wasu daga cikinmu da ba mu tare da su. Su so suke a jingine jirgi kyauta, a tashe shi da danna maɓalli guda. In aka yi haka, mai arziki zai tara jirage ɗari biyar a ɓoye, ya farkar da su rana ɗaya, talakan maƙwabcinsa ko takalmi bai sa ba. Ai ba a fafe gora ranar tafiya. Amurka ta jingine jirgin yaƙinta New Jersey a 1957. Da ta so shi don yaƙin Biyetnam, a 1967 aka fara aikin tashinsa, bai koma bakin aiki ba sai Afrilun 1968.

Abin da muke nema ke nan: ragi mai tsoka ga jirgin da ke barci, farkawa mai ɗaukar watanni da kuɗi, sa'an nan maƙwabta su iya hango cewa wane ya fara kwance jiragensa daga turke. Wanda aka far wa yana tsakiyar wannan aiki kuwa, ya kare kansa da abin da ya bari a farke.