Digirin da ubangida ke biya: abin da Ingila ta gane game da horar da masu tsaron intanet

Ranar Juma'a 12 ga Mayu, 2017, ma'aikatan asibitoci da dama a Ingila suka ga fuskar kwamfutocinsu ta rikiɗe ta koma ja, ɗauke da saƙo guda: an kulle bayananku, sai kun biya dala 300 da kuɗin Bitcoin za a buɗe. Manhajar WannaCry ce, irin wadda ke garkuwa da bayanai ta nemi fansa. Kafin ƙura ta lafa ta taɓa kusan kashi ɗaya bisa uku na hukumomin asibitocin NHS a Ingila, an soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000, daga baya kuma ma'aikatar lafiya ta ƙiyasta asarar da fam miliyan 92.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a labarin shi ne, tun watan Maris kamfanin Microsoft ya fitar da facin da zai toshe kafar da manhajar ta bi. Wata biyu maganin na nan, kyauta. Duk ɗalibin kwamfuta na shekarar farko ya san cewa idan faci ya fito sai a ɗora shi. Ke nan ba rashin sani ya kayar da asibitocin ba. Aikin ne ya gagara. Kwamfutar da ke haɗe da na'urar ɗaukar hoton jiki ba a kashe ta yadda aka ga dama, domin akwai layin marasa lafiya. Wata tsohuwar manhajar idan aka taɓa abin da take tsaye a kai sai ta daina aiki, wanda ya rubuta ta kuwa ya daɗe da barin wurin. Kafin a taɓa komai sai wani babba ya sa hannu, shi kuma babban yana da damuwa goma da suka fi wannan kusa da shi. Sanin yadda ake ratsa wannan sarƙaƙiya har faci ya hau shi ne rabin sana'ar, kuma ba a karanta shi a aji.

Wannan ne ya sa nake ganin tsarin da Ingila ta ɓullo da shi a 2015, wanda zan kira digirin koyon aiki, ya dace da tsaron intanet fiye da yawancin fannoni. Ina goyon bayansa. Sai dai dalilin da aka fi yabonsa da shi, wato karatu ba tare da bashi ba, a wurina shi ne mafi ƙanƙanta cikin dalilan.

Ga yadda yake. Matashi ba ya fara neman gurbi a jami'a; aiki yake nema. Kamfani ko hukuma ta ɗauke shi ma'aikaci cikakke, da albashi da hutun shekara, sannan ta haɗa shi da jami'ar da ta ƙulla yarjejeniya da ita. Yakan yi mafi yawan mako a wurin aiki, a ware masa abin da ya kai kimanin kwana ɗaya don karatu. Bayan shekara uku zuwa huɗu ya fita da digirin farko, irin wanda abokinsa da ya zauna a harabar jami'a ya samu, ba tare da ya biya kwabo na kuɗin makaranta ba. Abokin nan kuwa ana cajinsa har fam 9,250 a shekara tun daga 2017, adadin da ya koma 9,535 a 2025, akasari kuma rance ne da zai bi shi shekara da shekaru.

Kuɗin daga wani haraji yake fitowa, wanda ya fara aiki a Afrilun 2017. Duk ma'aikatar da jimillar albashin da take biya ta haura fam miliyan 3 a shekara, ana cire mata rabin kashi ɗaya cikin ɗari, a zuba a wani asusu da sunanta, wanda ba ta iya taɓawa sai don biyan horon masu koyon aiki. Idan ta bar kuɗin ya kwana ya wuce wa'adi, ya koma baitulmali. Ƙananan kamfanoni da ba sa biyan harajin, gwamnati ce ke ɗauke musu kusan dukkan kuɗin horon. Dabarar a fili take: an riga an karɓe kuɗinka, hanyar cin moriyarsa ɗaya ce, ka horar da wani. (Ingila nake ta faɗa da gangan. Sukotland da Wales kowacce na da nata tsarin, da nata ƙa'idojin.)

To me ya sa tsaron intanet musamman? Saboda hajar da ta fi tsada a wannan kasuwa amana ce. Mai tsaron na'urorin banki yana riƙe da mabuɗan da za su iya kwashe bankin. Ba wanda zai miƙa su ga baƙo don kawai ya zo da takarda mai hatimi. Shi ya sa tallan aiki a fannin ya shahara da wani abin dariya mai ɗaci: ana neman sabon shiga, amma mai gogewar shekara biyu ko uku. Ana kukan ƙarancin ma'aikata, ga kuma masu sabon digiri suna yawo da takardu. Duka biyun gaskiya ne. Ƙarancin na gogaggu ne, kuma kowane kamfani yana jiran wani ya gogar masa.

Matashin da ya ce zai gogar da kansa kuwa doka na jiransa. Tun 1990 Birtaniya ke da dokar da ta mai da shiga kwamfutar wani ba da izini ba laifi, ko da niyyar mai shigar ta koyo ce. Labarin WannaCry ɗin kansa ya isa misali. Wanda ya taka wa manhajar birki a ranar, Marcus Hutchins, ɗan shekara 22 ne daga yankin Devon, bai yi jami'a ba, a ɗakinsa ya koyi aikin. Ya lura manhajar na lalubar wani adireshin intanet da ba kowa ya mallaka, ya yi masa rajista da kuɗin da bai kai dala 11 ba, sai ga yaɗuwar ta tsaya. Wata uku bayan haka jami'an Amurka suka kama shi a Las Vegas, kuma a 2019 ya amsa laifin hannu a ƙirƙirar wata manhajar satar bayanan banki tun yana ƙarami. Ba ina wanke shi ba ne. Amma yaro mai irin wannan kai, idan bai samu shagon da zai zauna a ƙarƙashin idon babba ba, zaurukan masu kutse a buɗe suke, kuma su ba sa tambayar gogewar shekara uku. Ba mamaki hukumar leƙen asirin sadarwa ta GCHQ, wadda cibiyar tsaron intanet ta ƙasa, NCSC, ke ƙarƙashinta tun 2016, ita ma tana ɗaukar masu digirin koyon aiki.

Digirin koyon aiki yana warware wannan ƙulli ne ta hanyar da duk wanda ya taɓa zama a garejin makaniki zai gane. Yaron shago ba a ba shi injin mota ranar farko. Yana miƙa sifana, yana wanke kayan aiki, yana kallo. Haka ɗan koyo a ɗakin sa ido kan na'urori: ya fara da tantance ƙararrawar da kwamfuta ke kaɗawa, wadda mafi yawanta ta banza ce, har idonsa ya saba da bambance hayaniya da haɗari. Ana ƙara masa izini gwargwadon yadda aka ga hankalinsa. Ranar da ya karɓi digiri, akwai mutanen da suka shekara huɗu suna ganin yadda yake riƙe sirri da yadda yake yi idan ya yi kuskure. Wannan shaidar jami'a ba ta da ikon bayar da ita.

Wani zai ce, in haka ne a bar jami'ar mana. A nan nake rabuwa da masu raina karatun aji. Wurin aiki yana koyar da kayan aikin da wurin ke amfani da su a bana, kuma kayan nan suna tsufa da sauri. Lissafin da ke ƙarƙashin ɓoye saƙo, yadda na'urori ke magana da juna, yadda manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ke raba ƙwaƙwalwa, dokar kare bayanan jama'a: waɗannan su ne ke ba mutum damar barin kamfanin da ya raine shi ya yi amfani a wani wuri. Haɗarin da ke cikin tsarin shi ne, mai biyan kuɗi shi ke da murya. Rukunin ma'aikatu ne ke tsara abin da ɗan koyo zai sani, jami'a kuma tana son a sabunta mata kwangila. Idan jami'a ta yi laushi, sai a wayi gari an yaye mai iya danna maɓallan kamfani guda, an kira shi mai digiri. Ga kuma nauyin da ke kan yaron. Kwana huɗu na aiki, wani lokaci da kwanan dare, ga jarabawa. Mutumin da ke shekara 18 ya ɗaure kansa da sana'a ɗaya da ubangida ɗaya, ba shi da sararin da ɗalibi ke da shi na ya gane ya yi kuskuren zaɓi ya sauya.

Babban aibin dai yana wani wurin. Jami'a na iya ƙara kujeru a aji. Gurbin koyon aiki kuwa sai an samu aiki na gaske da babban da zai zauna da yaro. Saboda haka guraben kaɗan ne, gasar shiga wasu manyan kamfanoni ta kai ta shiga fitattun jami'o'i zafi, kuma inda gasa ta yi zafi an san waɗanda ke cin ta: 'ya'yan gidajen da aka san yadda ake rubuta takardar neman aiki da yadda ake zama gaban masu tantancewa. Gidauniyar Sutton Trust, mai bibiyar damar da 'ya'yan talakawa ke samu a ilimi, ta nuna cewa kason 'ya'yan marasa ƙarfi a cikin masu digirin koyon aiki bai ma kai kasonsu a cikin ɗaliban jami'a na yau da kullum ba. Tsani ne da aka kafa da sunan na ƙasa, na sama suka riga su hawa.

Kamfanoni ma sun gano wata hanya mai sauƙi ta cinye kuɗin asusunsu: maimakon ɗauko sabon yaro, sai su tura manajojinsu na da su yi digiri na biyu a fannin gudanarwa, a rubuta su a matsayin masu koyon aiki. Doka ba ta hana ba. Gwamnati ta taɓa wannan daga baya, ta sanar cewa daga Janairun 2026 kuɗin harajin ba zai ƙara biyan matakin digiri na biyu ga sabbin masu shiga da suka kai shekara 22 ba, in ban da 'yan keɓantattu. Matakin ya yi daidai a ganina, duk da kukan da jami'o'i suka yi. Amma bai taɓa matakin digirin farko ba, inda har yanzu babu abin da ya tilasta wa kamfani ya fifita sabon shiga a kan tsohon ma'aikacinsa.

Akwai kuma giɓin da ban ga an cika magana a kai ba. Wuraren da suka fi buƙatar masu tsaro su ne suka fi kasa renon su. A 2020 an durƙusar da na'urorin ƙaramar hukumar Redcar da Cleveland, da na Hackney a Landan. A Oktoban 2023 gungun Rhysida ya shiga babban ɗakin karatu na ƙasa, British Library, ya nemi fansa, aka ƙi biya, ya watsa bayanan. Watanni masu bincike ba su iya amfani da kundin littattafan yadda suka saba ba. Rahoton da ɗakin karatun ya fitar da kansa ya ambaci tsofaffin na'urori da sashen fasaha da aiki ya yi wa yawa. Irin wannan wuri, da mutum biyu ko uku ke riƙe da komai, wa zai zauna ya koya wa yaro? Banki da kamfanin sadarwa da kamfanin makamai su ke da manyan da za su iya, su kuma ke da albashin riƙe yaron bayan ya gama. Idan ana son tsarin ya kare asibiti da ƙaramar hukuma, sai an yarda a biya lokacin mai koyarwa, ko a haɗa hukumomi da yawa su yi tarayya a ɗan koyo guda yana zagayawa. Kuɗin harajin kuwa horo da jarabawa yake biya, ba ya biyan albashi.

Mai karatu a Najeriya zai ji wani abu ya yi masa kama da na gida, kuma da gaskiyarsa. Asusun ITF yana nan tun 1971, yana karɓar kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da ma'aikatun da doka ta shafa ke biya, wato ninki biyu na abin da Ingila ke cira, kuma shi ya kafa shirin SIWES da ke tura ɗalibai wuraren aiki. Jami'o'i irin su ta fasaha da ke Minna suna ba da digiri a tsaron intanet. Kayan haɗin duk suna nan. Bambancin shi ne matsayin yaron. Ɗan SIWES baƙo ne na 'yan watanni, kowa ya san zai tafi, don haka ba wanda zai ɓata lokaci a kansa balle ya ba shi mabuɗi. Ni a wata kafar yaɗa labarai na yi nawa, kuma abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne hanyar shagon mai fotokwafi. Ɗan koyon Ingila ma'aikaci ne da aka sa hannu da shi na shekaru. Idan bai iya ba, asarar ta kamfanin ce.

Ga wanda kuma ke tunanin nema daga nan, gara ya sani tun wuri: wannan ba guraben karatu ba ne irin na tallafin da ake nema daga waje. Sai mai izinin aiki a ƙasar, kuma a ƙa'ida sai wanda ya shekara uku yana zaune a can kafin kuɗin harajin ya biya masa. Na GCHQ kuwa sai ɗan ƙasa, bayan binciken tsaro mai tsawo. Waɗanda abin ya shafa kai tsaye su ne 'yan uwanmu da ke renon yara a Manchester ko Birmingham, waɗanda yawancinsu har yanzu suna jin kalmar koyon aiki kamar faɗuwa ce daga jami'a. Yaron da ke ajin ƙarshe na sakandare a can yana iya neman jami'a da gurbin koyon aiki a lokaci guda, ɗaya ba ya hana ɗaya, sai dai manyan kamfanoni da yawa suna buɗe nasu tun kaka, su rufe da zarar masu nema sun ishe su.