SHARHI: Fitilar Mota, HID Ko LED, Wacce Ta Fi Riba A Maiduguri?

Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da aka saki darajar Naira ga kasuwa, kusan kowane kayan gyaran mota da ke isowa Maiduguri daga kasuwar Ladipo ta Legas ko Ƙofar Ruwa ta Kano ya yi tsada. Duk da haka masu motocin haya da na dakon kaya ba su fasa cire ƙwayayen fitila na halojin da motocinsu suka zo da su ba, suna maye gurbinsu da masu farin haske, wato HID ko LED. Ga mai mota guda wannan ƙaramin kashe kuɗi ne. Ga mai motoci goma da ke zirga-zirga tsakanin Tashar Kano da Damaturu, ko tsakanin garejin Muna da Gamborun Ngala, shawara ce ta jari wadda ta cancanci lissafi.

Fitilar HID ita ce ta riga zuwa. Kamfanin BMW na Jamus ne ya fara sanya ta a motocin sayarwa a 1991. Ba ta da zaren waya a ciki, tartsatsin lantarki ne ke ratsa iskar zenon ya ba da haske. Tana cin wat 35, alhali ƙwan halojin na cin wat 55, amma haskenta ya kai lumen 3,000, wato ninki biyu ko fiye. Sai dai ba ta kamawa sai da wani ɗan akwati da ake kira balas, wanda ke ɗaga ƙarfin wuta zuwa sama da bolt 20,000 a lokacin kunnawa, kuma takan ɗauki 'yan daƙiƙoƙi kafin haskenta ya cika.

Ita kuwa LED, sai a 2007 ta bayyana a fitilar gaba, a motar Lexus LS 600h ta Japan. Tana kamawa nan take, cin wutarta ya fi ƙanƙanta, kuma mai kyau daga cikinta takan daɗe fiye da HID, wadda ake ƙiyasta rayuwarta da kimanin sa'o'i 2,000. Rauninta shi ne zafi. Yana taruwa ne a gindin ƙwan, shi ya sa ake haɗa ta da ƙaramar fanka ko ƙarfen da ke zuƙe zafi.

A nan ne yanayin Borno ke shiga lissafi. A watan Afrilu zafin Maiduguri kan haura digiri 40, ga kuma turirin inji. Da hunturu, ƙurar da iska ke ɗebowa daga ƙwarin Bodele na ƙasar Chadi takan shiga ko'ina, har cikin wannan fankar. Da zarar fanka ta cije, hasken LED zai dushe, daga bisani ƙwan ya mutu. Dubban sa'o'in da ake rubutawa a jikin kwali ba a auna su da irin wannan yanayi ba. Bugu da ƙari, haske mai shuɗi-shuɗi na kelbin 6,000 zuwa sama, wanda matasan direbobi ke sha'awa, yana gajiyar da ido a cikin hazo. Kelbin 4,300 da masana'antu suka saba sanyawa ya fi dacewa da hanyar da ƙura ta turnuƙe.

Batun rage shan mai, wanda masu sayarwa suka riƙe tun bayan janye tallafi a watan Mayun 2023, bai kamata ya ruɗi ɗan kasuwa ba. Bambancin wutar da ƙwayaye biyu na halojin da biyu na LED ke ci bai kai kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin doki guda ba, kuma da wuya a gan shi a littafin kuɗin mai. Inda ƙarancin cin wuta ke da amfani na haƙiƙa shi ne a Keke Napep, wanda ya mamaye titunan birnin tun da aka haramta acaɓa a 2011, domin batirinsa ƙarami ne kuma yini yake yana tsayawa yana tashi.

Alal haƙiƙa, tambayar da ta fi muhimmanci ta shafi gidan fitilar ne. Galibin tsofaffin motocin haya, irin su Golf da Sharon da Hiace, suna da madubi a ciki wanda aka ƙera daidai da wurin da zaren halojin yake. Idan aka cusa ƙwan da haskensa ke fitowa daga wani wurin daban, madubin zai watsa shi sama da gefe. Direba zai ga gabansa ya yi fari fat ya ɗauka ya ci riba, alhali nesa ba ta ƙaru ba, kuma mai tahowa ya makance na ɗan lokaci. A ilimin tattalin arziki wannan shi ne asarar da mai saye ke ɗora wa wanda ba ya cikin ciniki. A wuraren da motoci ke haɗuwa gaba da gaba, asarar takan dawo kan mai ita: karo guda ya ishe shi rasa mota da kaya, wani lokaci har da rayuka.

Wasu ƙasashe sun ɗauki mataki. Daga Janairun 2021, motar da aka sanya wa ƙwan LED a gidan halojin ba ta cin jarrabawar lafiyar mota ta shekara a Ingila. Jamus kuwa ta fara ba da izini a 2020, amma ga ƙwayaye da samfuran motoci da aka gwada tare kaɗai.

Saboda haka shawara ga masu motoci ita ce su bi abin daki-daki. Motar da ta zo da HID daga masana'anta a bar ta da HID, a sauya ƙwayayen biyu tare. Wadda ke da gidan fitila mai ƙwayar gilashi, wanda ke yanke haske a layi, za ta iya ɗaukar LED mai inganci, kuma a wannan yanayi LED ta fi riba, domin ba ta da balas da ruwa ko jijjiga za su lalata. Wadda ke da tsohon madubi, mafi sauƙi shi ne a goge gilashin da rana ta dusashe, a gyara wayoyi, a saita fitila a jikin bango, a sayi halojin mai kyau. Wanda ya nace sai farin haske, to ya sauya gidan fitilar gaba ɗaya. Araha dai ba ta ado.

Ya rage ga Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya ta sa ido kan ƙwayayen da ake shigowa da su, ita kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, tare da jami'an duba lafiyar motoci da ƙungiyoyin direbobi na Jihar Borno, su mayar da saita fitila wani ɓangare na binciken da ake yi wa motar haya kafin ta ɗauki fasinja.