Daga Zauren Makaranta: Baƙin Hunturu Marasa Sallama

Ga hunturu ya kama, hazo ya rufe Kumasi, leɓe ya soma tsagewa. Yau ba zancen sanyi za mu yi ba, zancen baƙin da yake kawo mana ne, watau ɓera da 'yan rakiyarsa.

Abin da ya jawo maganar, a makon jiya muka sauko da gafakar da muke ajiye wani tsohon littafin fiƙihu, rubutun hannu, sai muka tarar ɓera ya ci kusurwar ganye goma sha ɗaya ya yi sheƙa da su. Laifin namu ne. Wani almajiri ya ɓoye ƙuli-ƙuli a bayan alluna, mun gani, muka kau da kai.

In rani ya shiga an girbe amfanin gona, an cinna wa daji wuta, to, ɓeran daji ba shi da sauran abinci ko mafaka a waje, sai ya nufo inda aka tara masara da gyaɗa da gari. Ɗan ɓeran gida kuwa ramin da fensir zai shige ya ishe shi ƙofa. Macen takan haihu bayan mako uku kacal da ɗaukar ciki, saboda haka wanda ya ga ɗaya a Disamba ya ce ba komai, kafin hazo ya yaye a Fabrairu zai ga jikoki.

Kada wani ya ce wannan ƙaramar magana ce. A shekarar 1908 annoba ta faɗa wa Ankara, a 1924 kuma ta faɗa wa Kumasi, ta ci mutane a zango, har hukumar zamanin ta rushe gidaje aka gina sabon zango. Ƙumar da ke jikin ɓera ita ce ke kai wannan cuta ga mutum. Sa'an nan ga zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lasa ta ƙasar Barno. A Gana an fara tabbatar da shi a 2011, kuma a Fabrairun 2023 ya ɓulla a Ankara, wadda ta fara kamuwa mai sana'ar kasuwa ce, ta rasu. Wani irin ɓera ne mai nonuwa da yawa yake ɗauke da cutar, shi ba ta kwantar da shi, amma tana fita a fitsarinsa da kashinsa. In ya bi ta kan garin da aka shanya ko tuwon da aka bari a buɗe, shi ke nan. Da rani aka fi samunta. Mai zazzaɓin da ya sha maganin cizon sauro bai ji sauƙi ba, a kai shi asibiti, kada a tsaya.

Mu malamai ba mu da uzuri a kan wannan, domin tun muna yara muka karanta. Ya zo a hadisi cewa a rufe ƙwarya, a ɗaure bakin salka, a kulle ƙofa, a kashe fitila in za a kwanta, don ɓera yakan ja lagwani ya ƙone gida da mutanensa. An kuma lissafa shi cikin dabbobi biyar da aka yarda a kashe ko mutum yana cikin harami. Mun haddace, mun karantar, amma je ka ɗakin girkinmu bayan isha'i ka ƙirga tukwanen da ke buɗe.

To, ga abin da muka yi a makaranta, wanda ya ga ya yi masa ya ɗauka. Da fari muka fitar da komai tsakar gida, muka bi gindin bango da fitila. Ramuka bakwai muka samu, mafi girmansu inda famfo ya ratsa bango. Muka cusa ragar ƙarfe muka shafe da siminti, domin tsumma da takarda abin wasa ne a wurinsa. Ƙasan ƙofa muka buga masa gwangwani. Hatsi ya koma cikin duro mai murfi. Masu shago, ku ɗora buhuna a kan katako, ku bar rata tsakaninsu da bango yadda tsintsiya za ta wuce, kuma a riƙa fara sayar da tsohon kaya. Tarko a jikin bango ake ɗana shi, don ɓera ba ya son ratsa tsakiyar ɗaki. Wanda ya mutu kada yaro ya ɗauka da hannu, a sa leda ko shebur a binne. Kashinsa kuwa a yayyafa masa ruwan sabulu kafin shara, kada a tayar da ƙurarsa a shaƙa. Wanda ke da kyanwa ya riƙe ta da kyau.

Kuɗin cizo kuma lokacinsa ne, ba don yana son sanyi ba, sai don mun fito da barguna daga akwati mun cunkushe a ɗaki guda. Yana iya yin watanni bai sha jini ba. Zafi ne maganinsa: tafasasshen ruwa a tsagogin gado, tabarma da katifa a rana, kayan gwanjo a wanke da ruwan zafi kafin su shiga ɗaki. Kyankyaso shi ruwa yake nema yanzu, a gyara famfon da ke ɗiga.

Saura magana ɗaya, ita ce mafi nauyi. Akwai ƙwayar da ake sa wa hatsi a sito, wadda in ta sha iska mai laima take fitar da hayaƙin guba. Waɗansu suna saya a kasuwa su jefa ƙarƙashin gado wai don kuɗin cizo. A 2018 a Ankara yara uku 'yan gida ɗaya suka rasu ta haka. Wannan magani na rumbun da ba a kwana kusa da shi ne, kuma a hannun wanda aka horar. Muna roƙon 'yan'uwanmu masu sayarwa, ku tambayi mai saye inda zai sa, in ya ce ɗaki, ku hana shi ko da ciniki zai tashi. Haka nan maganin ɓera da ake kwaɓawa da kifi ko gari, yaro mai rarrafe bai san bambanci ba.

Gida ɗaya ba ya iya wannan aiki, don ɓeran da ka kora maƙwabcinka zai sauka, gobe ya dawo ta kwata. Muna ba shugabannin ƙungiya shawara a sa rana guda a cikin watan nan, kowane layi ya fito a share kwata, a kwashe juji. Almajiranmu manya za su zo da shebur, in an zaɓi ranar Alhamis da ba karatu.