Kafin A Kwance Igiya: Abin Da Ranar Shiga Jirgin Ruwa Ke Koyarwa

Wani tsohon ɗalibina da ke karatun digiri na uku a Turai ya aiko mini da saƙo a makon jiya. Ya ce shi da maiɗakinsa sun yi tari sun sayi tikitin tafiyar kwana bakwai a ɗaya daga cikin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, wanda zai tashi daga Barsalona ta ƙasar Sifaniya, ya zaga gaɓar Bahar Rum, ya komo inda ya tashi. Tambayarsa gajeriya ce: “Malam, na ji ka taɓa yin irin wannan tafiya. Me zan tarar ranar shiga?” Na ga ya fi dacewa in ba shi amsa a wannan fili, domin amsar ta wuce shi. Na san mafi yawan masu karanta wannan shafi ba su da niyyar shiga irin wannan jirgi. Ni ma sau ɗaya na taɓa shiga, bayan wani taron ƙara wa juna sani a birnin. Amma abin da na gani a yinin farko yakan dawo mini duk lokacin da na ji labarin kifewar kwalekwale a ƙasarmu.

Da farko, mai karatu ya cire hoton jirgin fito daga zuciyarsa. Waɗannan jirage garuruwa ne masu iyo. Wanda ake kira Icon of the Seas, da ya fara ɗaukar fasinja a 2024, tsawonsa ya kai kimanin mita 365, yana kuma iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata fiye da 2,000. Harkar ma ta matso kusa da inda muka saba zuwa, domin tun 2021 irin waɗannan jirage suka fara tashi daga Jidda suna zaga Bahar Maliya, tekun da kakanninmu suka riƙa ƙetarawa daga Sawakin da Fot Sudan a hanyarsu ta zuwa aikin hajji. A ranar shiga, dubban mutanen da suka gama tasu tafiyar suna sauka da safe, a share ɗakuna, a loda abinci da mai, sannan wasu dubbai su hau kafin la'asar. Duk wani tsari da matafiyi zai gani a ranar, wannan ƙurewar lokaci ce ta haife shi.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kwanaki kafin ranar, kamfanin jirgin zai nemi ka cika bayananka ta intanet: lambar fasfo, hotonka, da wanda za a kira idan wani abu ya same ka. Daga nan a ba ka lokacin da za ka iso tasha. Shawarata ita ce ka kwana a garin da jirgin zai tashi, kada ka dogara da jirgin saman da zai sauka a ranar. Jirgin ruwa ba motar haya ba ce da za a ce wa direba ya ɗan jira mutum ɗaya.

Ga mai riƙe da koren fasfo, babban tarkon shi ne biza. Sifaniya da Faransa da Italiya da Malta duk suna cikin yankin Shengen, biza ɗaya ta wadatar. Amma idan hanyar jirgin ta bi ta Tunis, alal misali, ka fita daga yankin ke nan, kuma komawa na buƙatar biza mai izinin shiga fiye da sau ɗaya, ban da sharuɗɗan ita ƙasar da za a yada zango. Kamfanoni da yawa ba sa karɓar uzurin cewa ba za ka sauka a wannan tashar ba. Idan takardunka ba su cika ba, a bakin ƙofa za a dakatar da kai, kuɗin tikiti kuma sun tafi. Su kuma kan nemi fasfon da ya rage masa aƙalla wata shida kafin ya ƙare.

A Barsalona, manyan jiragen suna tsayawa a wani dogon mashigi da ake kira Moll Adossat. Kana sauka daga mota, 'yan dako za su karɓi manyan akwatunanka, su duba takardar da ka liƙa musu mai ɗauke da lambar ɗakinka, su wuce da su. Ba za ka sake ganinsu ba sai da yamma, wani lokaci ma sai bayan isha'i, a ƙofar ɗakinka. Saboda haka fasfo, da magungunan da kake sha, da cajar waya, da darduma, da kayan canji kala ɗaya, su zauna a ƙaramar jakar da ke hannunka. Mai hawan jini ko ciwon suga da ya tura maganinsa cikin babban akwati ya saya wa kansa fargabar yini guda.

Sai wajen bincike, mai kama da na filin jirgin sama, illa dai abin da ake tsoro a nan ya bambanta. Babban abokin gaban jirgin ruwa wuta ce. Shi ya sa ake hana shiga da dutsen guga, da kyandir, da butar lantarki ta dafa ruwa, da duk wani abin da ke ɗaukar zafi. Ni kaina a nan aka riƙe mini ɗan kaskon lantarki da na yi guzuri domin turaren wuta. Ma'aikaciyar ta rubuta mini rasit cikin fara'a, ta ce in karɓa ranar sauka. Na ji haushi a lokacin, amma da na tuna cewa a tsakiyar teku babu motar kashe gobara da za a kira, sai na ga gaskiyarta.

Bayan bincike sai teburin rajista, inda za a duba fasfo, a ɗauki hotonka, a ba ka ɗan kati irin na banki. Wannan kati shi ne makullin ɗakinka, shi ne shaidarka, shi ne kuma aljihunka, domin ba a ciniki da tsabar kuɗi a cikin jirgin. Za a haɗa shi da katin bankinka, ko ka ajiye wani adadi na kuɗi a hannunsu. Katin naira ba kullum yake aiki a ƙetare ba, don haka ka warware wannan tun daga gida. Ka kuma sani cewa yawancin kamfanoni suna ƙara wani kuɗin hidima a kan kowane fasinja a kowace rana, kuma lemo da intanet da yawon da ake shiryawa a kowane zango galibi ba sa cikin kuɗin tikiti. Wayarka ma ka kashe mata layi da zarar an bar gaɓa, domin za ta kama hanyar sadarwar jirgin mai bi ta tauraron ɗan'adam, kuɗinta kuwa ba na wasa ba ne.

Da ka taka gadar shiga, za a ɗora katinka a na'ura, hotonka ya bayyana, a tabbatar kai ne. Ka riƙe wannan a ranka, zan dawo kansa. Sau da yawa ɗakuna ba sa kammala sai bayan azahar, don haka jama'a kan yi cincirindo a babban ɗakin cin abinci. Maimakon ka shiga turmutsitsin, ka yi amfani da wannan lokaci ka je wurin shugaban masu hidimar abinci ka tabbatar da buƙatarka ta abincin halal, wadda ya kamata ka riga ka sanar tun lokacin sayen tikiti. Alƙibla kuma ba ta zama wuri ɗaya, tana sauyawa duk sa'ad da jirgin ya juya, kuma ƙarfen jirgi na iya rikita kamfas. Taswirar da ake nunawa a talabijin ɗin ɗaki, mai nuna inda jirgin ya dosa, ta fi taimako.

Duk waɗannan shirye-shirye ne na jin daɗi. Abin da ya fi su muhimmanci shi ne wanda fasinjoji suka fi ƙosawa da shi, wato atisayen ceton rai. A jikin katinka akwai harafi ko lamba da ke nuna matattarar da za ka nufa idan hatsari ya auku. A bayan ƙofar ɗakinka akwai taswirar hanyar zuwa can. Kafin jirgi ya tashi, dole kowane fasinja ya je matattararsa da ƙafarsa, a ɗora katinsa a na'ura, a nuna masa yadda ake ɗaura rigar kariya daga nutsewa. Ƙananan yara ana ɗaura musu alama a hannu mai ɗauke da matattarar iyayensu. Sannan a busa ƙahon gaggawa domin kowa ya san sautinsa: gajeru bakwai, dogo ɗaya. Tun bayan annobar korona, jirage da yawa sun koma nuna bayanin ta bidiyo a waya ko a talabijin, amma zuwa matattara da kai yana nan. Wanda bai je ba, za a yi ta kiran sunansa a lasifika har sai ya bayyana.

Wannan tsanani ba haka kawai ya zo ba, da rayuka aka saye shi. Lokacin da Titanic ya nutse a 1912, yana ɗauke da mutane kimanin 2,200, kwalekwalen ceto 20 kawai ke cikinsa, waɗanda ba za su ɗauki fiye da mutum 1,178 ba. Kimanin mutum 1,500 suka halaka. Daga wannan masifa aka samu yarjejeniyar duniya ta kare rayuka a teku, wadda ake kira SOLAS, a 1914, kuma wadda ake aiki da ita yanzu ta 1974 ce. Shekara ɗari bayan Titanic, a daren 13 ga Janairun 2012, jirgin Costa Concordia ya bugi dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya, 'yan sa'o'i bayan ya bar tashar Civitavecchia da mutane fiye da 4,200. Mutum 32 suka mutu. A lokacin doka ta ba da damar a jinkirta atisaye har tsawon sa'a 24 bayan hawa, saboda haka ɗaruruwan fasinjojin da suka hau a ranar ba a riga an yi musu ba. Wuta ta ɗauke, jirgi ya karkata, mutane ba su san inda za su nufa ba. An yanke wa kyaftin ɗin, Francesco Schettino, ɗaurin shekara 16. Aka kuma gyara dokar: daga 1 ga Janairun 2015, atisaye ya zama dole kafin tashi ko nan take da an tashi.

Yanzu mu koma ga katin nan da aka ɗora a na'ura a bakin gada. Dokar ta wajabta a ƙidaya duk wanda ke cikin jirgin fasinja kafin ya tashi, a rubuta sunaye, a bambanta manya da yara da jarirai, a kuma bar kwafin jerin a tudu, yadda masu aikin ceto za su same shi idan buƙata ta taso. Ma'anar dukan layukan da matafiyi ya bi tun safe ke nan: jirgin ya san ko kai wane ne, kai kuma ka san inda za ka nufa idan abu ya ɓaci.

A nan ne zuciyata take komawa gida. A watan Mayun 2021, jirgin ruwa ya nutse a kogin Neja kusa da Warra ta jihar Kebbi. A ƙarshen Nuwamban shekarar, wani ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a jihar Kano, yawancin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne da ke kan hanyar zuwa Mauludi. A watan Yunin 2023, fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara suna dawowa daga biki. Mai karatu ya lura da yadda rahotannin irin waɗannan haɗurra suke farawa: ana kyautata zaton jirgin na ɗauke da mutum kaza. Ana kyautata zato ne domin babu wanda ya ƙirga. Masu ninƙaya suna shiga ruwa ba su san gawa nawa suke nema ba, ba su kuma san ranar da ya kamata su daina ba. Uwa takan zauna a gaɓa ba ta da tabbacin ko ɗanta ya hau ko bai hau ba.

Za a ce ina haɗa jirgin attajirai da kwalekwalen talaka. Na yarda ba mu da na'urar karanta kati a kowane mafitar ruwa. Amma ginshiƙan da tsarin nan ya tsaya a kansu guda huɗu ne, kuma babu mai tsada a ciki: a san iyakar abin da jirgi zai ɗauka a rubuta a jikinsa, a rubuta sunan duk wanda ya hau a bar takardar a tudu, a ba kowa rigar kariya, a kuma yi wa fasinja bayani na minti biyu kafin a tura jirgi. A tashoshin motarmu ma ana cika takardar sunayen fasinja da lambar ɗan'uwa kafin mota ta tashi, da littafi da biro kawai. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta sha nanata hana tafiyar dare da lodin da ya wuce kima da shiga ruwa ba riga. Abin da ya rage shi ne wanda zai tsaya a bakin ruwa ranar kasuwa ya ce jirgi ya cika, kuma a ji maganarsa. Wannan aiki ne da sarkin ruwa da ƙungiyar masu fito da dagaci za su iya, idan ƙaramar hukuma ta tsaya musu. Mu ma fasinjoji da namu laifin, domin mu ne muke roƙon a ƙara mutum ɗaya, mu ne kuma muke kallon mai neman rigar kariya kamar mai raunin tawakkali, alhali tawakkali bai taɓa zama sakaci ba.

Ga ɗalibina kuwa, bayan atisaye ka hau bene na sama kai da iyalinka. Za ka ga an janye gada, an kwance igiyoyi masu kaurin cinya, jirgin ya fara janyewa daga mashigi a hankali. Can bayan an fita daga tasha, wani ɗan ƙaramin jirgi zai matso ya ɗauke jagoran tashar da ya taya kyaftin fitar da ku, ya juya da shi gida. Kafin ka kwanta a daren, ka sake bin hanyar da ke tsakanin ɗakinku da matattararku, ta matakala ba ta lif ba, ka ƙirga ƙofofin da ke tsakaninka da mafita, yadda ko a duhu za ka iya lalubawa. Ka kuma sa maiɗakinka ta bi hanyar ita kaɗai sau ɗaya. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci a kogunanmu.