Masanin ruwa da gwamnatin da ta ɗauke shi aiki

A ranar 4 ga watan Maris na shekarar 2021 ne David Schindler ya rasu a ƙasar Kanada yana da shekara 80. Masani ne na rayuwar tabkuna da koguna, kuma daga 1968 zuwa 1989 shi ne ya shugabanci tashar binciken ruwa ta gwamnatin tarayyar Kanada a arewa maso yammacin lardin Ontariyo, inda aka keɓe ƙananan tabkuna 58 domin gwaji. Tarihin aikinsa ya cancanci duk wani ma'aikacin gwamnati ya yi nazarinsa, domin yana nuna abin da ƙasa ke samu idan ta ɗauki ƙwararre aiki kuma ta bar shi ya faɗi abin da ya gano.

A ƙarshen shekarun 1960 gansakuka ta rufe manyan tabkunan da ke tsakanin Kanada da Amurka, musamman tabkin Eri, kifaye suna mutuwa, ruwa yana wari. Masana da dama sun ɗora laifin a kan sinadarin fosfor da ke cikin garin sabulun wanki da ruwan ƙazanta na birane. Wannan sinadari shi ne dai wanda ke cikin dutsen fosfat na yankin Tawa da ake niƙawa a yi takin gona. A gona albarka ne, a cikin tabki kuwa abinci ne ga gansakuka. Kamfanonin sabulu suka ƙi yarda, suka ce karbon ne sanadi, suka kuma samu masanan da suka goya musu baya. Muhawara ta yi tsawo, kowa da alƙalumansa na ɗakin gwaji.

Schindler ya fitar da maganar daga ɗakin gwaji. A shekarar 1973 shi da abokan aikinsa suka raba tabki mai lamba 226 gida biyu da labule na roba. Ɓangare ɗaya aka zuba masa karbon da azot, ɗayan kuma aka zuba masa su biyun tare da fosfor. Cikin makonni ɓangaren da ya samu fosfor ya koma kore shar, ɗaya ɓangaren ya zauna garau. Aka ɗauki hoton tabkin daga jirgin sama, aka buga shi a 1974. Gani ya kori ji. Ɗan majalisar da bai taɓa buɗe littafin kimiyya ba ya fahimci hoton nan da kallo ɗaya, kuma hoton ya ƙarfafa dokokin rage fosfat a sabulu da tace shi daga ruwan ƙazanta a ƙasashe da yawa. Kamfanonin da suka yi ta kukan asara sun sake haɗin sabulunsu, ciniki ya ci gaba.

Daga 1976 tashar ta juya kan ruwan sama mai tsami da hayaƙin masana'antu ke haddasawa. An riƙa ƙara wa tabki mai lamba 223 asid kaɗan-kaɗan shekara bayan shekara. Abin da aka gano ya ba da mamaki: tun kafin tsamin ya kai ga kashe manyan kifaye, ƙananan halittun da suke ci sun ɓace, kifayen suka rame, haihuwarsu ta tsaya. Wannan hujja na cikin waɗanda Kanada ta riƙe a tattaunawarta da Amurka, har aka sa hannu kan yarjejeniyar tsabtar iska a 1991, shekarar da Schindler ya zama mutum na farko da ya karɓi kyautar ruwa ta birnin Istokholm.

Barinsa aikin gwamnati zuwa jami'ar Alberta a 1989 bai sa ya yi shiru ba. A 2009 da 2010 shi da abokan bincikensa sun nuna cewa haƙar man fetur daga yashi tana zuba guba a kogin Atabaska, alhali hukumomi da kamfanoni suna cewa ƙazantar daga ƙasa take fitowa. Gwamnati ta kafa kwamiti, kwamitin ya tabbatar cewa tsarin sa ido a kan kogin yana da rauni.

Abin takaici ya zo a 2012, lokacin da gwamnatin firaminista Stephen Harper ta ba da sanarwar janye kuɗinta daga tashar tabkunan, da sunan tsuke bakin aljihu. Kuɗin da ake magana a kai kusan dalar Kanada miliyan 2 ne a shekara, abin da bai taka kara ya karya ba a kasafin ƙasa mai arziki irin wannan. Ko shakka babu, wanda ya yanke wannan shawara bai auna abin da zai salwanta ba. Ana iya dakatar da ginin hanya a ci gaba baɗi, amma awon ruwan da aka tsallake a bana babu kuɗin da zai dawo da shi, kuma darajar alƙaluman shekara 44 tana cikin rashin yankewarsu. Masana suka yi zanga-zanga a birnin Otawa ɗauke da akwatin gawa, Schindler na cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a jaridu. A 2014 wata cibiya mai zaman kanta da ke Winifeg ta karɓi tashar da tallafin lardunan Ontariyo da Manitoba.

Mahukunta kan yi zaton cewa matsalar da aka warware sau ɗaya ta warwaru ke nan. A watan Agusta na wannan shekara ta 2014, gansakuka mai guba ta sake mamaye yammacin tabkin Eri, wannan karon saboda fosfor ɗin takin gonaki da ruwan sama ke kwararowa da shi, kuma mutane kimanin 400,000 a birnin Toledo na Amurka suka yi kusan kwana uku an hana su shan ruwan famfo.